Murhun Banda Mai Juya Hayaƙi: Yadda Ake Tsara Shi da Ƙera Shi a Gida

Idan kana kiwon tarwaɗa, ka san ranar kwashe tafki ba kullum take zama ranar farin ciki ba. Kifi ya kai girma, abincinsa ya ƙare, bashin mai sayar da abincin yana wuyanka, ga dillali a bakin tafki yana yi maka tayin da bai kai abin da ka kashe ba. Ya san ba ka da inda za ka kai kifin, domin ɗanyen kifi idan ya bar ruwa a zafin ƙasar nan, sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da lalacewa. Manomin da ya iya banda shi ne ke da bakin cewa a'a a wannan rana, saboda kifin da aka ƙyafe ya bushe sosai yana iya jiran kasuwa har watanni.

Sai dai banda suna ta tara. Wadda aka fi sani a bakin Kainji da Yawuri da dausayin Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi ita ce a gina murhun laka ko a yanka duro, a shimfiɗa waya a sama, a hura wuta a ƙasa, kifi yana kallon wuta ido da ido. Wannan hanya ta daɗe tana ciyar da jama'a, kuma ba abin rainawa ba ce. Amma duk wanda ya taɓa kwana a gindin irin wannan murhu ya san aibinta. Kitsen tarwaɗa, musamman ta kiwo wadda ta ƙoshi, yana ɗiga cikin garwashi, wuta ta tashi, kifin tsakiya ya ƙone, na gefe kuwa cikinsa bai dahu ba. Mai banda, wadda galibi mace ce, tana tsaye cikin hayaƙi tana juyawa, ido yana hawaye, ƙirji yana tari.

Akwai kuma illar da ido ba ya gani. Idan kitse ya ƙone a kan garwashi, ko itace ya ci da ƙarancin iska, hayaƙin yana ɗauke da wasu sinadarai da masana ke taƙaita sunansu da PAH. Wanda aka fi sa wa ido a cikinsu shi ne benzopirin, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Tun daga ranar 1 ga Satumba, 2014, Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 2 a kowane kilo na ƙyafaffen kifi ko nama, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Kifin da aka ƙyafe a kan harshen wuta sau da yawa yakan zarce wannan iyaka. Ko da ba ka da niyyar kai kifinka ƙetare, iyalinka da maƙwabtanka ne ke cin sa.

Maganin waɗannan matsaloli guda ne: a raba wuta da abinci, a hana kitse saduwa da garwashi. Murhun da za mu yi bayani a nan an gina shi kacokan a kan wannan.

Asalinsa da yadda yake aiki

Murhun ba namu ba ne, daga jihohin kudancin ƙasar Amurka ya fito. Can suna da al'adar gashin nama da suke kira babikiyu, wanda ya bambanta da tsire ko balangu. Ba a ɗora naman a kan wuta. Ana barin manyan yankuna masu tauri, kamar ƙirjin sa da haƙarƙari, su kwashe sa'o'i goma ko fiye cikin zafi mai sauƙi da hayaƙin itace har jijiyoyinsu su narke. Masu walda a filayen haƙar mai na Teksas da Oklahoma sun riƙa ƙera murhun wannan gashi da ragowar manyan bututun mai: dogon ɗakin nama a kwance, ƙaramin akwatin wuta a manne a gefe ɗaya, bututun hayaƙi a ɗaya gefen. Wannan ya raba wuta da nama, amma ya bar matsala guda. Gefen da ke kusa da wuta yana yin zafi ƙwarai, na nesa kuma ya yi sanyi.

Mai juya hayaƙi gyara ne a kan wancan. Kamfanin Lang BBQ Smokers da ke garin Nahunta a Jihar Jojiya, wanda ya fara aiki a 1988, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa shi. Gyaran abu biyu ne kawai. Na farko, an shimfiɗa farantin ƙarfe mai kauri a ƙasan ɗakin banda, tun daga bakin akwatin wuta har kusa da ɗaya ƙarshen, inda aka bar rata. Na biyu, an ɗauke bututun hayaƙi daga can nesa an dawo da shi gefen da wutar take.

Ka bi tafiyar hayaƙin da idon zuci. Ya fito daga akwatin wuta da zafinsa, bai sami hanyar hawa sama ba saboda faranti ya tare shi, sai ya bi ta ƙarƙashi har ƙarshen ɗakin. A kan hanya yana ba farantin zafinsa, tartsatsi da toka suna zubewa. Da ya isa ratar sai ya hau, ya juyo baya, ya ratsa ta kan kifi, ya fice ta bututun da ke saman akwatin wuta. Saboda haka kifin yana samun zafi ta fuska biyu, daga farantin da ke ƙasansa da kuma iskar da ke wucewa ta kansa. Inda faranti ya fi zafi, wato kusa da wuta, nan iskar sama ta fi hucewa. Inda faranti ya fi sanyi, nan iskar ta fi zafi. Haka ɗaya ke cike giɓin ɗaya. Kitse kuwa a kan faranti yake ɗiga, ya gangara ta magudana zuwa gwangwani a waje.

Dabarar hana kitse taɓa wuta ba Amurkawa kaɗai suka gano ta ba. Murhun FTT da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɓullo da shi tare da wata cibiyar horar da ma'aikatan kifi a Tiyaroy ta ƙasar Senegal, shi ma yana da tire na tare kitse tsakanin garwashi da kifi, kuma dalilin ɗaya ne.

Awo kafin yanka

Yawancin murhunan da suka ƙi aiki ba walda ce ta kashe su ba, awo ne. Hayaƙi ba ya tafiya sai an ja shi. Bututun hayaƙi ne ke ja, domin iska mai zafi da ke cikinsa ta fi ta waje rashin nauyi, tana hawa, ta bar gurbin da sabuwar iska za ta shigo ta ƙofar wuta ta cike. A wannan murhu an tilasta wa hayaƙi yin tafiyar ninki biyu tare da kwana, don haka duk inda aka matse masa hanya zai tsaya, wuta ta shaƙe, kifi ya yi ɗaci.

Bari mu ɗauki duron lita 200 da kowa ya sani, mai faɗin baki kimanin santimita 57 da tsawo kimanin santimita 85, a kwantar da shi ya zama ɗakin banda. Ƙa'idar da maƙeran irin wannan murhu suka daɗe suna bi ita ce akwatin wuta ya zama kashi ɗaya cikin uku na ɗakin banda. Ke nan kana buƙatar kimanin lita 70. Akwati mai faɗin santimita 45, tsawo 40, tsayi 40 zai ba ka lita 72. Idan za ka yi kuskure, gara ya ɗan fi girma. Ƙaramin akwati yana sa ka cusa itace har wuta ta rasa numfashi.

Sai maƙogwaro, wato kafar da ta haɗa akwatin wuta da ɗakin banda. A yanka ta a gindin duro, daga can ƙasa, da siffar tsinin wata a kwance. Ka auna santimita 10 daga ƙasan da'irar, ka ja layi a miƙe daga gefe zuwa gefe, ka yanke duk abin da ke ƙasan layin. Layin zai kai kimanin santimita 43, kafar kuma za ta ba da fili kimanin murabba'in santimita 300. Wannan adadi shi ne ma'aunin sauran hanyar. Filin da ke ƙarƙashin faranti kada ya gaza shi, ratar ƙarshe ma kada ta gaza shi. Idan ka ɗora faranti a santimita 12 daga ƙasa, faɗinsa zai zama kimanin santimita 46. Ka bar ratar santimita 8 a ƙarshe, tsawon farantin ya zama kimanin 77. Kada ka dogara da waɗannan alƙaluma ka je ka sayo ƙarfe. Duro ya bambanta da duro, ka sa tef a naka.

Bututun hayaƙi mai faɗin inci 4 ya isa, ya tashi santimita 60 zuwa 75 sama da bayan duro. Mafi yawan kuskure a nan shi ne a sa siririn bututun ruwa mai inci 2 don shi ne aka samu a gida. Rabin faɗi ba rabin hanya ba ne, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Bakin bututun ta ciki ya kasance a gefen wuta, ɗan sama da ragar ƙasa. Idan ya buɗe a can ƙololuwa, zafi zai bi rufi ya gudu bai taɓa kifin ƙasa ba.

Ƙofar iska a jikin akwatin wuta ta kai murabba'in santimita 100, misali tsaga mai tsawon 20 da faɗin 5, a ƙasa da ragar da itace zai zauna, da marfi mai zamewa don a rage ko a ƙara. Ragar itacen ta tashi santimita 8 zuwa 10 daga ƙasan akwatin, toka ta sami wurin zuba, iska ta shiga ta ƙarƙashin wuta.

Zaɓen duro: a nan rai yake

Wannan sashe ka karanta shi sau biyu, kuma malamin gona ya nanata shi a duk inda ya koyar. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur, ko kananzir, ko sinadarin narkar da fenti, yana riƙe tururinsa ko da ya shekara a bushe. Tartsatsi ɗaya daga injin yanka ko sandar walda ya isa ya fasa shi, kuma masu walda da yawa sun rasa rayukansu ta haka. Duron maganin ƙwari ko na ciyawa kuwa babu wanki ko ƙuna da za su sa ya dace da abinci. Duron da ba ka san abin da ya ɗauka ba, ka ɗauka mugu ne.

Nemi wanda ya ɗauki man girki ko ruwan 'ya'yan itace ko wani abin ci. Mafi kyau shi ne mai marfi da zobe, domin marfin zai zama ƙarshen ɗakin banda, ka riƙa buɗe shi kana zaro faranti don wanki. Ko wane iri ne, a buɗe dukkan murafunsa, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a cika shi da ruwa har ya tumbatsa kafin a fara yanka. Amurkawa sukan yi amfani da tsofaffin tankunan gas saboda kaurinsu, amma yanka tankin gas ba aikin gida ba ne, kada ka gwada. Haka kuma a guji duk ƙarfen da aka shafe da zink, irin kwanon rufi da farin bututun ruwa da wayar kaji, domin idan ya yi zafi yana fitar da tururi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A raga a yi amfani da baƙin ƙarfe ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Aibin duro shi ne rashin kauri. Jikinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, alhali murhunan Amurka da ake yabo ana yin su da ƙarfe mai milimita 6. Siririn ƙarfe ba ya riƙe zafi, iskar hunturu tana kaɗawa sai zafin ya faɗi. Don haka kuɗin da kake da shi ka zuba shi a wuri biyu: faranti, ya kai milimita 4 zuwa 6, da akwatin wuta, kada ya gaza milimita 3. Idan ƙarfen akwatin ya fi ƙarfin aljihunka, gina shi da jan bulo da laka, ka sa masa ƙofar ƙarfe da rufin ƙarfe. A ganinmu wannan ya ma fi dacewa da murhun da ba za a riƙa ɗauka ana yawo da shi ba, domin laka tana riƙe zafi fiye da ƙarfe, ga araha. Bulon siminti kam yana tsagewa a wuta.

A wurin mai walda

Fara da ƙafafu. Ƙasan duro ya tashi kimanin santimita 60 daga ƙasa, yadda raga za ta zo daidai ƙugu, mai banda ta yi aiki ba sunkuyo. Ƙafafun da ke nesa da wuta su gaza na gefen wuta da santimita 2, don kitse ya gangara ya bar wuta a baya. Akwatin wuta yana zama ƙasa da duro, rufinsa ya zo daidai da farantin, wato ɗan sama da layin maƙogwaro.

Wajen yanka ƙofar banda akwai dabara. Ka zana ta a jikin duro, ka bar santimita 8 zuwa 10 a kowane ƙarshe. A fara yanka layin sama kaɗai, a liƙa hinji, sannan a yanka sauran ɓangarori uku. Idan aka cire ƙofar gaba ɗaya kafin a sa hinji, ƙarfen yakan saki, ba za ta sake zama daidai ba. A bi gefunan ƙofar da siririn ƙarfe mai faɗin inci ɗaya ya rufe tsagar, a sa mariƙi na itace.

Faranti mai kauri ba ya son walda da siririn duro, wuta takan huda duron. A ɗaura ƙarfe mai kusurwa a gefe biyu da noti, faranti ya zauna a kai ya liƙe sosai. Gefen da ke wajen wuta shi ne ba a yarda ya bar ko tsagar da yatsa zai shiga ba. Idan ya bari, hayaƙi zai yanke hanya ya hau kai tsaye zuwa bututu, murhun ya tashi daga mai juya hayaƙi ya koma mai ƙona kifin gefe ɗaya. A ɗaya ƙarshen a tayar wa faranti leɓe mai tsayin santimita 3 don tare kitse, a huda shi gab da leɓen, a sauko da bututu mai inci ɗaya ya ratsa ƙasan duro zuwa gwangwani.

Ƙari ɗaya da ya cancanci kuɗinsa: tafin hannu biyu na farko na faranti, inda harshen wuta ke dukansa, yakan yi zafi fiye da kima. A liƙa wani guntun ƙarfe mai tsawon kimanin santimita 20 a ƙarƙashinsa, da 'yar rata tsakaninsu, ya karɓi dukan farko. A lura kada guntun ya rage faɗin maƙogwaro.

Ragar farko ta zauna santimita 10 sama da faranti, ta biyu santimita 12 zuwa 15 sama da ta farko, dukansu masu zarowa. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe, a daidai tsayin ragar ƙasa. Wanda aka sa a saman ƙofa yana faɗa maka zafin rufi ne, ba zafin da kifi ke ji ba.

Ƙonawa da gwajin burodi

Kafin abinci ya shiga, a hura babbar wuta a cikin duron kansa, a fili nesa da gida, har fentin waje da shafen ciki su ƙone ƙurmus. A goge da burushin waya, a wanke, a shanya, a shafe cikin da man gyaɗa, sannan a hura wuta a akwatinta na sa'o'i 2 zuwa 3. Man zai kama ƙarfen ya yi baƙi, ya kare shi daga tsatsa. A lokacin nan ka zagaya ka ga inda hayaƙi ke tsiyaya, ka toshe. Idan hayaƙi yana dawowa ta ƙofar wuta, ko dai hanya ta matse a wani wuri ko bututu ya yi gajere.

Sannan ka sayi burodi mai yanka-yanka, ka jera shi ya rufe ragar gaba ɗaya, ka rufe ƙofa na minti goma zuwa sha biyar. Launin kowane yanki zai nuna maka taswirar zafin murhunka fiye da kowane ma'auni. Inda ya fi ja, nan za ka riƙa sa manyan kifi. Malamin gona da ke son gamsar da ƙungiyar mata masu banda ya yi wannan gwaji a gabansu, a sabon murhu da kuma tsohon, ya bar burodin ya yi magana.

Wuta da itace

Ƙaramar wuta mai ci da kyau ta fi babbar wuta mai shaƙewa. Fara da gawayi ka sami shimfiɗar garwashi, sannan ka riƙa ƙara busasshen itace ɗaya ko biyu masu kaurin damtse. Ɗora na gaba a kan rufin akwatin ya ɗumama, zai kama nan take idan ya shiga. Bututun hayaƙi a bar shi a buɗe gaba ɗaya, a sarrafa zafi da yawan itace da ƙofar iska. Hayaƙin da ake so siriri ne mai ɗan shuɗi, wanda da kyar ake ganinsa. Fari mai kauri ko baƙi alama ce ta ɗanyen itace ko ƙarancin iska, kuma shi ke shafa wa kifi kwalta da ɗaci. Da yawa suna ɗauka yawan hayaƙi shi ne banda. Ba haka ba ne, zafi da wucewar iska ne ke busar da kifi, hayaƙi launi da ƙamshi yake bayarwa.

Itace mai tauri irin ƙirya da marke yana daɗewa yana ci, amma waɗannan itatuwa suna ƙarewa a dazuzzukanmu, don haka rassan da aka sassabe daga mangwaro da gwaiba da lemo, da totuwar masara da ɓawon kwakwa, sun wadatar. A guji itace mai farin ruwa irin tunfafiya da tinya, da katako mai fenti ko wanda aka sa wa maganin gara. Leda da roba da tsohuwar taya kada su kusanci murhun, ko da don kunna wuta ne.

Bandar tarwaɗa a cikinsa

A yi banda da kifin da aka kashe yanzu, hayaƙi ba ya gyara wanda ya fara lalacewa. A cuɗe shi da gishiri yauƙin ya fita, a cire hanji da matsefin numfashinsa, a wanke jinin da ke bin ƙashin baya. A jiƙa shi cikin ruwan gishiri, kilo 1 a lita 10 na ruwa, na kimanin rabin sa'a, a tsane shi a inuwa inda ƙuda ba ya kaiwa har fatar ta daina ɗiga. A naɗe shi yadda aka saba, a jera ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba.

Sa'a ɗaya zuwa biyu na farko zafi ya tsaya tsakanin digiri 60 da 70 a ma'aunin Salshiyas. Gaggawa a nan ita ke jawo asara. Idan aka fara da zafi mai yawa, bayan kifin yana ƙandarewa ya kulle ruwa a ciki, ka gan shi kamar ya bushe, bayan kwana huɗu ya yi fumfuna daga ciki. Daga nan a ɗaga zuwa digiri 90 ko 100 har tsakiyar naman kifi mafi kauri ta kai digiri 70 ta zauna a haka rabin sa'a. A wannan matsayi kifi ya dahu, yana da taushi da daɗi, amma kusan rabinsa ruwa ne, ba zai wuce kwana ɗaya zuwa uku ba sai da firji. Idan na ajiya kake so, a sauko da zafi zuwa digiri 60 ko 70 a ci gaba da busarwa, abin da kan ɗauki sa'o'i 10 zuwa 18 gaba ɗaya, har ruwan jikinsa ya koma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A riƙa musanya ragar sama da ta ƙasa. Ka sa a lissafinka cewa kilo 3 zuwa 4 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe, kada ka yanka farashi kafin ka auna.

A bar kifi ya huce sarai kafin a rufe shi a leda ko kwali. Idan ƙwari suka fara shiga ajiya, a mayar da shi murhu ya sha zafi na 'yan sa'o'i. Fesa wa kifi maganin ƙwari guba ce ake ba mutane.

Ga nama kuwa, zafin da Amurkawa ke gashi da shi digiri 107 zuwa 135 ne. Kaza ta kai digiri 74 a cikin cinya. Ƙirjin sa ko kafaɗar rago sai cikinsu ya haura digiri 90 kafin su yi laushin da za a yage su da hannu. Mai sayar da gasasshen nama a gari zai iya samun sabon abin sayarwa a nan, daga yankunan da tsire ba ya so.

Inda bai dace ba

Kada a ɗora wa murhun abin da ba zai iya ba. Na duro ɗaya mai raga biyu yana ɗaukar kimanin kilo 10 zuwa 12 na matsakaitan tarwaɗa a zubi ɗaya. Wannan ya dace da mai ƙaramin tafki da ke kwashewa kaɗan-kaɗan, ko mai sayar wa otal da kantuna da ke biyan kuɗin tsabta da kyan launi. Wanda ke da kwanduna goma na ƙananan kifi a bakin ruwa ya fi buƙatar murhun Chorkor, wanda aka ɓullo da shi a Gana a 1969 tare da matan wata unguwar masunta mai wannan suna a Ankara, inda ake jera tire a kan tire har goma ko fiye a bisa murhun laka. Shi ya fi ɗaukar kaya da tsimin itace, ko da yake bai raba kitse da wuta ba.

Haka kuma farantin yana cin lokaci kafin ya yi zafi, ka ba shi minti 45 zuwa sa'a guda kafin ka sa kifi. Kuma yana son wanki. Kitsen da ya taru a kansa idan ya kama wuta ya fi na tsohon murhu muni, domin a rufe yake. Bayan kowace banda, tun faranti da sauran ɗumi, a kankare shi zuwa magudana, a zura sanda a bututun kitse, a kwashe toka daga akwatin wuta kafin raɓa ta jiƙa ta, domin jiƙaƙƙiyar toka ce ke cinye ƙasan akwatin. Idan wuta ta kama a ɗakin banda, kada ka buɗe ƙofa kuma kada ka watsa ruwa. Rufe ƙofar iska, ka kife gwangwani a bakin bututun hayaƙi, ka jira ta mutu da kanta.